Rijiya ta bayar, guga ya hana

 Ina roƙon shugabannin wannan takarda tamu su ba ni fili in yi magana a kan ruwa, da dokokin da gwamnatin Nijar ta yi ta gyarawa tun shekarar 1993 don su dace da abin da ake ce wa ma'aunin duniya. Na san wani zai ce, to Malam, mene ne haɗin ɗan kara da dokar ruwa, ba aikin injiniyoyi ba ne da manyan Yamai? Amsa ita ce, kuɗin sa ba a kara ake fara yanka shi ba, a bakin rijiya ake yanka shi. Bajimin da ya taso daga Abalak ko Tanut yana shan ruwa kullum, da ɗan uwansa da ya kwana biyu-biyu bai sha ba, in suka iso Tunfafi ko Mai'aduwa ko Maigatari ba kuɗinsu ɗaya ba. Mai saye zai duba haƙarƙari, ya dafa gindin wutsiya, ya yi maka tayin da zai sa ka ji jiri, kuma ba ka da bakin musu domin dabbar ce da kanta ta ba da shaida.

Abin da nake son in faɗi ba mai tsawo ba ne ko da maganar za ta yi tsawo. Dokokinmu na ruwa, a takarda, suna da kyau, kuma sun san da makiyayi. Amma mudun da ake auna nasararsu da shi mudun mai zaman gida ne, ba ya ƙirga dabba mai tafiya. Sa'an nan waɗanda aka ɗora a bakin rijiya don su tsare ta, da dama daga cikinsu sun mai da ita kanti. Shi ya sa na ce rijiya ta bayar, guga ya hana.

Bari mu fara da inda wannan ma'auni ya fito, don kada mu riƙa jin sunansa kamar aljani. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 1981 zuwa 1990 don neman ruwan sha ga kowa. An gina rijiyoyi da famfuna masu yawa a ƙasashenmu cikin waɗannan shekaru, amma kafin a je ko'ina da yawa sun lalace, saboda ba a tsai da wanda zai gyara ba, ba a kuma tsai da inda kuɗin gyara zai fito ba. To a watan Janairu na 1992 sai masana suka taru a birnin Dublin na ƙasar Ailan, suka fito da ƙa'idoji huɗu: ruwa yana da iyaka kuma yana iya ɓaci, a sa masu amfani da shi cikin shawara, mata su ne kan gaba wajen ɗibarsa da tattalinsa, kuma ruwa abu ne mai ƙimar kuɗi. Uku na farko babu mai hankalin da zai yi musu da su. Abin da ya faru dai shi ne, ta huɗun ita ce ta iso daji cikin mota, sauran ukun har yanzu suna tafe bisa jaki. Daga baya, a watan Yuli na 2010, Majalisar ta ce samun ruwa mai tsabta haƙƙi ne na ɗan Adam, a 2015 kuma ƙasashe suka yi alkawarin kowa zai samu kafin 2030.

Nijar ba ta tsaya baya ba. Ran 2 ga Maris 1993 aka sa hannu a kan dokar karkara, wadda ta kafa kwamitocin filaye da muke ce wa Kofo, kuma a wannan rana aka fitar da dokar tsarin ruwa. A 2001 aka raba aikin ruwan birane gida biyu, SPEN tana riƙe da kayan aiki, SEEN tana sayarwa tare da wani kamfanin Faransa, har zuwa farkon 2024 da kamfanin ƙasa NDE ya karɓa. Wannan zancen mutanen birni ne masu famfo a tsakar gida, ba zan daɗe a kansa ba. Namu ya zo a 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salu Jibo: ran 1 ga Afrilu kundin dokar ruwa, ran 20 ga Mayu dokar kiwo. A 2014 aka amince da tsarin ƙasa na ruwan makiyaya, a 2017 kuma aka amince da babban shirin da ake kira PANGIRE, wanda ke son a tafiyar da ruwa bisa yadda Allah ya shimfiɗa shi, gulbi-gulbi, kwari-kwari, ba bisa iyakar jiha ko ta gunduma ba. Ko sunayen yankunan ruwan da aka tsara namu ne na gida, akwai Gulbi da Tarka, akwai Korama da Damagaram da Muniyo, akwai Manga, akwai Azawak.

Ina so kowane ɗan ƙungiya ya san abin da dokar kiwo ta 2010 ta ƙunsa, domin makami ne a hannunmu da muka bari yana tsatsa. Ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi, hukuma ta yarda da shi kuma ita za ta tsare shi. Ta hana mutum ɗaya ya mallake dajin kiwo shi kaɗai. Ta bar iyakar noma ta arewa da aka shata tun 1961 a inda take. Ta ce ba a gina rijiya a yankin kiwo sai da izini, bayan an ji ta bakin mutanen wurin. Har tazara ta tsayar: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin rijiyoyin siminti, 30 tsakanin rijiyoyin burtsatse, wato foraj. Wanda ya rubuta wannan ya san daji, ko kuwa ya zauna da waɗanda suka san shi, kuma gaskiya ƙungiyoyin makiyaya sun sha wuya shekara da shekaru kafin a kai ga wannan rubutu. Sai dai takardun zartarwa da za su sa dokar ta taka ƙasa an ɗauki shekaru ana jiran su, suna fitowa ɗai-ɗai kamar haƙoran jariri.

Yanzu ga inda mudun ya gaza. In ma'aikatar ruwa za ta faɗa wa duniya inda ta kai, lissafinta shi ne mashaya ta zamani guda ga mutum 250, kowane mutum lita 20 a yini. Wato lita 5000. To mu ɗauko namu lissafin. Babban sa a cikin bazara yana shan lita 30 zuwa 40. Shanu 125 ke nan za su shanye abin da aka tsara wa mutum 250. Garke ɗaya na fatake, wanda ba a ma kiransa babba. Idan ka iso da shi wani ƙauye a kan hanyar kara, a littafin ma'aikata wannan ƙauye ya wadatu da ruwa, an buga masa alama an wuce, an kai rahoto, masu ba da tallafi sun tafa. Amma a ƙasa mata suna layi da bido tun asuba, kai kuma ka tsaya da shanunka suna kuka, kowa yana kallon kowa da jan ido. Ba matan ne da laifi ba, ba kai ne da laifi ba. An gina mashayar mutane a kan hanyar dabbobi, ba a gina ta dabbobi ba, saboda dabba ba ta shiga cikin adadin da ake aikawa waje. Kuma shi makiyayi da iyalinsa, da yake yau yana Tarka gobe yana Gadabeji, shi ma sau da yawa ba ya cikin ƙidayar kowane ƙauye, alhali ruwan da saniyarsa ta sha shi yake sha, da laka da kome.

Kada wani ya ɗauka cewa nake a cika daji da foraj. An gwada wannan, kuma dattawanmu sun ga ƙarshensa. Wajen samun mulkin kai da shekarun da suka biyo, gwamnati ta kafa manyan tashoshin famfo a arewacin Tawa da sauran yankin kiwo, aka kuma kafa ofishin OFEDES a 1963 don aikin rijiyoyi. Ruwa kyauta, inji yana ta zuba, kowa ya zo. Niyya mai kyau ce. Amma me ya faru? Dabbobin da a da suke warwatse bisa ƙananan rijiyoyi ɗari sai suka taru wuri guda, suka cinye ciyawar kewaye tun rani bai raba ba, suka tattake sauran, aka wayi gari ga ruwa ga yunwa. Har wasu Abzinawan Azawak suka roƙi hukuma da ta rufe famfon da ke yankinsu, ba don ba su son ruwa ba, don sun ga ciyawar da suke tattali ta zama ta kowa, wato ta zama ba ta kowa ba. Da farin 1973 da 1974 ya zo, da kuma na 1984, shanu da yawa ba ƙishirwa ta kashe su ba, sun mutu cikinsu cike da ruwa babu abin tauna. A jihar Difa kuma rijiyoyin siminti na gwamnati, da yake ba su da mai su, sun zama na mai ƙarfi, an yi ta rigima a kansu har da zubar da jini.

Darasin da ke ciki duk mai kiwo ya san shi tun yana yaro: a daji, rijiya ita ce mabuɗin ciyawa. Saniya ba ta iya nisa da ruwa fiye da tafiyar da za ta je ta dawo, saboda haka wanda ya riƙe bakin rijiya ya riƙe duk dajin da ke kewaye da ita ko bai kafa shinge ko ɗaya ba. Mu da muka zauna gaban malamai mun tarar da wannan a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, tun fiye da shekara dubu. Hukuncin da ke ciki shi ne, masu rijiyar dabbobi su ke da fifiko har su gama shayarwa, bayan nan sauran jama'a daidai suke a kan abin da ya rage, kuma ba a hana rarar ruwa don a hana mutane kaiwa ga ciyawa. Ku duba dokar karkara ta 1993, abin da ta ba mutanen da suka kafu a wuri shi ne fifiko, ba ta ba su ikon korar baƙo ba. Kusan magana ɗaya ce. Haka kuma al'ada take a rijiyar gargajiya: ka iso, ka yi sallama, ka nemi mai rijiya, ya duba ciyawar da ta rage da yawan shanunka, ya ce ka sha kwana kaza ka wuce, kuma ya san wata shekara shi ne zai zo ƙofarka. Wannan tsari ba shi da hatimi ba shi da ofis, amma yana auna ruwa da ciyawa tare, abin da injiniya mai auna lita kaɗai ba ya yi.

To da gwamnati ta gaji da biyan gazuwal da gyaran inji, masu ba da bashi kuma suka matsa a kan ƙa'idar nan ta huɗu, sai aka ce jama'a su riƙe mashayarsu da kansu. Aka kafa kwamitoci, daga baya aka ce gundumomi su ne masu kayan, su ba ɗan kasuwa haya ya tafiyar. A nan guga ya fara hanawa. Ba duka ba, akwai kwamitocin da ke tsoron Allah, na sha ruwa a hannunsu kuma ina yi musu addu'a. Amma kowa a cikinmu ya san irin ɗaya kwamitin: shugaba ƙanen mai gari, ma'aji surukinsa, mai rubutu ɗansa da ya yi lakkol. Babu Bafulatani ko ɗaya a ciki, babu mace, balle baƙo mai wucewa. Kuɗin ɗan gari daban, na baƙo daban, na bafatake kuma sai an dubi rigarsa tukuna. A rijiyar siminti a ce maka gwafa duk an kama, sai ka sayi layin wani, ka ja ruwa da tsakar dare daga zurfin gaba talatin ko arba'in da raƙumin haya. Na taɓa isa wata tashar famfo da shanu, aka karɓi kuɗina cif babu resi, bayan wata biyu na dawo ta nan na tarar inji ya yi pan, an ce babu ko dala a asusu, ana jiran wani puroje ya zo ya gyara. Ina kuɗin rani guda suka shiga? Wanda na tambaya ya ce in tambayi na gaba.

Mu yi lissafi a fili, don masu cewa kuɗin ruwa ba kome ba ne. Shanu 100, lita 40 kowanne, lita 4000 ke nan, bido 160 na lita 25. Mu ce an sayar maka bido dala biyar, jika huɗu ke nan a sha ɗaya. In tafiyar ta kwana goma sha biyar ce, ka ninka da kanka. Kuma wannan in an yi maka kuɗin mutane ne, ba kuɗin baƙo ba. Wannan kuɗi ba daga aljihun bafatake kaɗai yake fita ba, yana komawa kan makiyayi da za a rage wa tayi a Sakabal ko Dakwaro, yana kuma hawa kan mai sayen nama a birni. Shi ne ma ya sa da yawa suka koma loda kamiyo ko da kuɗin mota ya fi, ƙananan fatake da ba su da jarin cika mota kuma suna fita daga sana'ar ɗaya bayan ɗaya, da su da yaran da ke ci daga kora.

A fahimce ni, ban ce kada a biya ba. Inji yana cin gazuwal, ko na hasken rana ne yana da ranar lalacewa, mai gadi yana da iyali, komin shayarwa yana tsagewa. Da ruwan ciki kan ja na rijiya. Mu ƴan kasuwa ne, mun fi kowa sanin abin da ba a biya ba ba ya daɗewa. Kundin 2010 ya ce mai ɗiba ya biya, mai ɓata ruwa ya biya, na yarda. Amma shi wannan kundin ya ce kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin ruwan bukatarsa, kuma ma'aunin duniyar da ake ta ambato bai ce a biya a rufe ido ba, ya ce mai biya ya zauna a inda ake shawara. To a ba mu rabin da aka riƙe. A rubuta kuɗin kan sa, na raƙumi, na tunkiya a allo a bakin mashaya, kowa ya gani. A ba da resi. A karanta asusu gaban jama'a ko sau ɗaya a shekara, lokacin da makiyaya suke nan, ba da damana ba sa'ad da kowa ya yi arewa. Kuma kafin a kafa sabuwar mashaya a zauna da duk masu shan wurin, na zaune da na tafe, a yi yarjejeniya a rubuce. An gwada haka a jihohin Difa da Damagaram, aka ga rijiyar da aka sha shayi a kanta wata shida kafin a sa diga ta fi zaman lafiya bisa wadda aka gina cikin sati uku.

Akwai wata magana da ba ta da daɗi, amma in ban faɗe ta a takardarmu ba ina zan faɗe ta? Wasu daga cikin masu hana ruwan nan namu ne. Mutum Allah ya buɗa masa a wannan sana'a, ya tara shanu dubu, sai ya bi ta ofis ya samo takarda, ya haƙa foraj tasa a tsakiyar dajin kiwo, ya sa masu gadi. Bai sayi daji ba, doka ma ta hana, amma da yake ruwan nasa ne, ciyawar kilomita goma sha biyar ta kowace kusurwa ta zama tasa. Wani ma ba ya haƙawa, tankar ruwa yake aikawa ta bi garkensa, ya cinye ciyawar da talakawa suka bari don bazara saboda nisanta da rijiya. Wani ya sayi rijiyar gargajiya daga hannun wanda fari ya karya, washegari ya ɗora mata kuɗi. Alhazaina, ku yi mini haƙuri, wannan sare reshen da muke zaune a kai ne. Shanun da muke saye ba mu muke haifar su ba. Ƙaramin makiyayi mai saniya ashirin, talatin, shi ne ke cika kara kowace ranar kasuwa. Ranar da ya rasa mashaya ya sayar da na ƙarshe ya tafi birni gadi, ko ya bi wata hanyar da duk muna ganin inda take kai matasa a yau, wa zai kawo mana kaya? Kuma da wane baki za mu je gaban hukuma mu yi ƙarar kwamitin ƙauye, in babban mai toshe ruwa yana zaune a sahun gaba na taronmu?

Ta kudu kuma matsalar tabkuna ce. Tun bayan 1984 aka ƙarfafa noman rani, kuma ya ceci mutane da yawa, ba mai musun haka. Amma tabkin da kakanninmu suka shayar a ciki yau ka tarar an kewaye shi da lambuna ƙaf, albasa da tumatir har bakin ruwa, burtalin da ke shiga ya zama siriri kamar hanyar tururuwa ko ya ɓace ɗungum. Doka ta ce a bar wa dabbobi hanyar isa ruwa, toshe ta laifi ne. Sai dai ranar da saniya ta taka kunya ɗaya, kafin ka ɗaure wando an kai ta turken hukuma an yanka maka tara, shi kuwa wanda ya shuka a kan burtali ba wanda ya tambaye shi. Aikin Kofo ne ta shata waɗannan hanyoyi ta kafa musu duwatsu, kuma inda aka yi haka rigima ta ragu ƙwarai. Inda ba a yi ba, kowace kaka sai an ji abin da ba a so.

Ruwanmu kuma ba ya tsayawa a duwan. Gulbin Maradi daga Najeriya yake shigowa, ya yi kwana a ƙasarmu ya koma ya faɗa Rima. Tun da aka gama madatsar Jibiya, mutanen gulbi suka ga canji a yadda ruwa ke zuwa. Komadugu Yobe da ke shayar da Difa ita ma tana ƙarƙashin madatsun Tiga ta 1974 da Calawa ta 1992 a can Kano. Ƙasashen biyu sun sa hannu a Maiduguri a 1990 a kan raba ruwan da suka haɗa cikin adalci, hukumar kogin Kwara mai mazauni a Yamai ita ma ta yi kundinta na ruwa a 2008. In ana zancen cika ma'aunin duniya, to ga wurin da ya kamata a fara, domin gulbin da bai kawo ba shi ne rijiyar fadama da ta ƙafe, kuma shanun da ke sha a nan yawancinsu can za a yanka su. Siyasa ta ɓaci ko ta gyaru, Nijar ta fita daga CEDEAO a farkon 2025, amma gulbi bai fita daga kwarinsa ba. Mu da muke da abokan ciniki a Jibiya da Illela da Maigatari, mun fi jakadu sanin cewa zancen nan na gida ɗaya ne.

Tun juyin mulkin Yuli 2023 abubuwa biyu sun canja da suka shafe mu. Masu ba da tallafi da dama sun dakatar da kuɗinsu a lokacin, aka ga a fili yadda aikin ruwan karkara ya dogara da aljihun waje. Sa'an nan a watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun gundumomi aka naɗa masu riƙo, alhali gunduma ce aka danƙa wa mashayu. Ma'ana ƙofar da za mu buga ta canja, amma ɗakin yana nan. Ni a ganina in ana zancen ƙasa ta tsaya da ƙafarta, to babu inda ya fi bakin rijiya cancantar a fara, domin gyaran asusun kwamiti ba ya bukatar dalar Amurka ko ɗaya. Kuma tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, me zai hana a juya dokar ruwa da dokar kiwo zuwa Hausa, da boko da ajami, da Fulatanci da Tamashek da sauran harsunanmu, a karanta su a rediyo ranar kasuwa? Dokar da ke cikin Faransanci a aljihun tebur, mai karɓar kuɗi a bakin famfo ya san ba ka san ta ba.

Saura namu. Ƙungiya tana karɓar kuɗi a kan kowane kai da ya shiga kara, kuma muna da mutane a kowace kasuwa daga Gigimi har Ayoru. Babu injiniyan da ya san mashayun hanya kamar yaranmu masu kora. Ina ba shugabanni shawara kowane reshe ya zaunar da su kafin rani ya shiga, a rubuta hanya-hanya: daga kara kaza zuwa kara kaza mashaya nawa ce, wace ke aiki, wace ta mutu, nawa ake karɓa, ina ne tazara ta wuce tafiyar yini, wane tabki aka toshe. A kai wannan takarda ofishin ruwa na jiha da Kofo da hannunmu, tare da ƙungiyoyin makiyaya, kada mu je daban su je daban a raba mu da shayi. A nemi kujerar bafatake da ta makiyayi mai wucewa a kwamitin duk mashayar da ke kan hanyar kara. Karar da ba ta da komin shayarwa, alhali ana karɓar haraji a ƙofarta kowane mako, a tambayi gunduma dalili a rubuce. Daga bana kuma duk yaron da ya biya kuɗin ruwa ya nemi resi, in an hana shi ya riƙe sunan wurin da ranar ya kawo wa sakataren reshe. A babban taronmu mai zuwa ina roƙon a sa zancen foraj ta mutum ɗaya a dajin kiwo cikin ajanda, a yi shi masu foraj ɗin suna zaune.

Wassalam. Naku, wani mai fataucin shanu daga jihar Maradi.